Namijin da Ke Ƙarƙashin Bututu

Takarda goma sha bakwai na rubuta a kan yoyon bututun da ke sitonmu. Kowacce ina da kwafinta a fayil, har da ta farko, wadda na buga da tsohuwar tafiretar ofis a zamanin da gashin kaina yake nan kuma gwiwoyina ba su koyi magana ba. A ta uku na ce "cikin girmamawa". A ta tara na ce "cikin gaggawa". A ta goma sha bakwai ban ce cikin komai ba, sai na zana bututun da ɗigon ruwa uku a ƙarƙashinsa, ko da a ce matsalar ofishin gyare-gyare ta karatu ce.

Ni ne mai kula da ɗakin ajiyar ƙwari na wata cibiyar bincike. Kwalabe dubu shida da ɗoriya, kowacce da gawar wani abu mai ƙafafu da yawa kwance cikin sifirit, tare da 'yar takarda mai faɗin inda aka kamo shi da ranar. In sifirit ya ja baya in ƙara, in murfi ya tsage in sauya. Sito yana ƙuryar ɗakin, wani lungu marar taga inda muke jibge buhuna da rariya da kujerun da suka yi ritaya ba takarda. Ta gindin bangonsa bututun ya bi, kuma daidai gwiwarsa yake ɗiga. Tun ina jin ɗigon har na daina ji, sai ranar da aka ɗauke ruwa nake jin kamar wani ya daina numfashi a ɗakin.

A cibiyar Baban Gizo ake ce mini. Na yi bayani har bakina ya gaji cewa abin da nake nema ba gizo-gizo ba ne. Gizo-gizo yana da ƙugu, yana saƙa, yana da dafi. Wannan ba shi da ko ɗaya. Jikinsa dunƙule guda ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, bayansa da tauri kamar ƙoƙon kunkuru, idanu biyu a kan wani ɗan tudu, ƙafafu takwas, sai hannaye biyu a gaba da ƙayoyi jere kamar haƙoran zarto. Ni Mai Sulke nake kiransa. In na gama wannan doguwar huɗuba sai mutum ya gyaɗa kai ya ce, "To, to, irin gizo-gizon nan dai."

Mace ɗaya tak muke da ita. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, ni da Tsoho, mutumin da ya koya mini aikin nan, Allah ya ji ƙansa, muka dawo daga wani daji mai tafiyar awa shida da buhu uku na ruɓaɓɓen ganye. Muka jingine su a sito, aka ja mu wani taro na kwana huɗu, sannan muka zauna tankaɗe. A buhu na biyu ta faɗo. Tsoho ya duba ta a madubin ƙara girma, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa, ya ce ba ya jin tana cikin littafin kowa. Sai dai a dangin nan mata duk kamarsu ɗaya. Mai son raɗa wa sabon iri suna dole ya kawo namiji, ya kwantar da shi ƙarƙashin madubi, ya zana wani sashe na jikinsa wanda ba a ambata a gaban surukai. Nan bambancin yake. Ba ni na kafa dokar ba.

Tsoho ya rasu bai ga namijin ba. Na yi masa alkawarin sunansa zan sa wa irin, a lokacin da alkawari yake da sauƙin yi. Daga nan kowace damina sai na koma dajin, sati uku-uku. Na tankaɗe ganyen da zai rufe filin ƙwallo. Kaska ta cije ni a wuraren da su ma ba a ambata. Sau biyu zazzaɓi ya kayar da ni, sau ɗaya mota ta kafe mana kwana biyu a laka. A lokacin saura wata takwas in yi ritaya, kuma abin da zan bari a bayana shi ne mace ɗaya a kwalba ba suna, sai fayil ɗin yoyo.

Wata Talata da safe Shugabar cibiya ta leƙo da kanta. Masaniyar kifi ce, mai tafiya kamar kullum ana jiranta a wani wuri, kuma ba ta taɓa wuce bakin ƙofarmu ba saboda warin sifirit.

"Baban Gizo, albishirinka."

"Goro, ranki ya daɗe."

"An sa hannu. Mai gyaran famfo zai zo ƙarfe goma. Kwashe tarkacen sito."

"Wane famfo?"

"Naka mana. An ce zanen ne ya burge su."

Na shiga kwashe kaya har da 'yar waƙa, ni da ban iya waƙa ba. Abu na ƙarshe wani katako ne da ni da kaina na shimfiɗa ƙarƙashin ɗigon tun shekarar farko ta yoyon, bayan na zame na zauna daɓas da kwalabe a hannu. Ya yi baƙi, ya ruɓe, ya manne da ƙasa. Na tura da ƙafa ya ƙi, na durƙusa na ɗaga.

Sai na ga motsi. Da farko na zaci idona ne, don tun da na haura hamsin wasu 'yan ɗige-ɗige suka tare a cikinsa. Na ɗauko tocila.

Bakwai na ƙirga, suna tafiyar ƙasaita a jikin jiƙaƙƙen katakon, ba sa sauri don kowa. Duk mata. Can jikin bango, daidai ƙarƙashin gwiwar bututun, akwai wani gutsuren bulo. Na karkato shi a hankali. A ƙarƙashinsa ƙwai ne farare kamar barbashin gishiri, za su kai talatin, kuma a kansu ga wani ya baje ƙafafu ya tsare, ƙafafunsa na baya masu kauri, kowacce da ƙaimi irin na zakara. Namiji.

Na zauna a cikin ruwan, ba da niyya ba. Lissafin ya zo mini da kansa: buhu uku, jingine a nan, kwana huɗu. Macen nan da ke kwalba ba daga daji ta zo ba. Daga tsagar ƙasar nan ta fito, ta ga ganye mai laima, ta shige. Ni kuma da hannuna na rubuta sunan dajin a takardarta. Daga kujerata zuwa wurin taku goma sha ɗaya ne. Na ƙirga daga baya, har sau biyu, don in ƙara wa kaina ciwo.

"Salamu alaikum! Ina marar lafiyar?"

Ƙarfe goma daidai. Tun da aka kafa cibiyar nan ba a taɓa yin wani abu a kan lokaci ba sai ranar. Mai Famfo gajere ne kakkaura mai farin gemu, jakar kayan aiki a hannu, rabin buhun siminti a kafaɗa, biro a bayan kunne. Ya dube ni a ƙasa.

"A'a, Malam, ai kai ne ka fi bututun jiƙewa. Tashi mu gani."

"Ba za a taɓa nan ba."

"Ba nan ne sito ba?"

"Nan ne."

"Kai ne Mai Zane! Wallahi zanenka yana manne a bangon ofishinmu, in aiki ya ishe mu sai mu kalla mu yi dariya." Ya zaro takarda daga aljihu ya warware. "A sauya gwiwa. A fasa ƙasa. A zuba siminti. Abu uku, kafin azahar na gama."

"A bari sai bayan wata guda."

"Mai Zane, takardar nan ba ta komawa ofis tsirara. Ko ta koma da sa hannun an gama, ko ni in koma da tuhuma a kaina. Shekara goma sha huɗu kana ihu, mun zo, ka ce mu juya? Haba, ko da wasa."

Na roƙi minti goma, na mayar da bulon yadda yake, na ce kada ya taɓa komai. Na nufi ofishin Shugaba da jiƙaƙƙen wando, masu shara suna bi na da ido.

Ta saurare ni har ƙarshe, abin da ba ta saba ba. Sannan ta jawo durowa ta fito da fayil. Ashe ita ma tana da nata.

"Takarda ta goma sha ɗaya," ta karanta. "'Duk wanda ya ƙara jinkirta gyaran nan ko da kwana ɗaya ne, maƙiyin ilimi ne.' Wa ya rubuta?"

"Ina cikin fushi ne, ranki ya daɗe."

"Ta goma sha huɗu. 'Bangon nan zai rufto a kan aikin shekara arba'in.' Ƙarya ka yi?"

Abin haushin ke nan, ban yi ƙarya ba. Bangon ya kumbura, in ka danna yatsa sai ya shiga.

"In kana so a soke, rubuta takarda. Za ta bi hanyar da 'yan'uwanta suka bi."

"Ai kafin ta isa..."

"Ni ma abin da na hango ke nan." Ta rufe fayil. "Baban Gizo, ba namiji kake nema ba? Ga namiji, ga kwalba. Ɗauke shi ka jefa, a yi gyara, kowa ya huta. Ni in na samu kifin da nake nema ba na tambayarsa ko yana da uzuri."

Gaskiya ta faɗa, kuma ba abin da ya fi ɓata wa mutum rai kamar shugabansa ya faɗi gaskiya. Na sa dubban halittu a sifirit ban taɓa rasa barci ba. Na koma ɗaki na ɗauki kwalba da hantsaki, na shiga sito.

Na tarar da Mai Famfo a kwance rub da ciki, tocilata a hannunsa, bulon a karkace.

"Na ce kada ka taɓa!"

"Ban taɓa ba, leƙawa na yi. Kai, Mai Zane, wannan ɗan abin me yake yi a kan gishirin nan?"

"Ƙwai ne. Gadi yake yi."

"Ina uwar?"

"Ta zuba ta yi gaba."

"Kai! Shi kaɗai?" Ya gyara kwanciya. "To in ka ɗauke shi fa?"

Na ce, kamar yadda yake a danginsu, shi ke lashe ƙwan yana share musu fumfuna, shi ke korar masu ci. In ba ya nan, kwana kaɗan sun lalace, watakila ma matan nan bakwai su fara cinyewa.

"Uwar da ta haife su?"

"Ba a san wacce ce ba. Ita ma ina jin ba ta sani ba."

Kafin in ankara ya tsinko tsinken tsintsiya ya ɗan zunguri namijin. Nan take ya naɗe ƙafafu, ya faɗi gefe, ya sandare, wani ɗan wari kamar na magani ya tashi.

"Innalillahi! Na kashe shi!"

A nan na samu abin da na fi so a duniya, wato wanda bai sani ba kuma ba shi da hanyar gudu. Na gyara murya. Na ce mutuwar ƙarya ce, dabararsu ce in sun ji tsoro, sukan kai minti goma, in ta yi tsawo sha biyar. Na ce sai sabon shiga ake yaudara da wannan. Na maimaita "sabon shiga" sau biyu, don ta yi mini daɗi a baki. Minti shida namijin ya miƙe ƙafa ɗaya, ya jira, ya miƙe sauran, ya koma kan ƙwansa kamar ba abin da ya faru.

Sai wayata ta yi ƙara a aljihun riga. Hannuwana duk caɓi, Mai Famfo ya zaro ta ya danna, ya kuma buɗe muryar yadda kowa zai ji, ba wanda ya sa shi. Matata ce. Malamar lissafi ce, in an fita hutu a makaranta take kira ta ji ko na sha maganin hawan jini.

"Ka sha?"

"Na same shi."

"Maganin?"

"Namijin."

"A ina? Ai ba ka tafi daji ba."

"A sito."

"Wane siton?"

"Namu. Na ofis."

Na ji ta fara ƙirga ƙasa-ƙasa. Na san lissafi take yi.

"Baban yara, damina goma sha huɗu, sati uku-uku. Sati arba'in da biyu. Ciki guda ke nan har da ɗoriya. Ranar da na haifi auta kana can kana tankaɗe ganye, ƙanena ne ya kai ni asibiti a motar maƙwabci. Kuma abin yana bayan kujerarka?"

"Taku goma sha ɗaya," in ji Mai Famfo, don na riga na yi kuskuren gaya masa.

"Wane ne wannan?"

"Mai gyaran famfo ne, Malama, ina wuni. Ai baki ga abin ba, yana nan zaune a kan ƙwai, ko motsi ba ya yi. Uwar ta gudu."

"Shi namijin ne ke zaune da 'ya'yan?"

"Shi kaɗai."

"To ka gaishe mini da shi. Ka ce wata baiwar Allah tana jinjina masa. Kai kuma Baban yara, me za ka yi da shi?"

Na dubi kwalbar da ke hannuna. Mai Famfo ma ya dube ta, sannan ya dube ni, irin kallon da ake yi wa mutumin da ya taka sallaya da takalmi.

"Sai ƙwan sun ƙyanƙyashe," na ce. "Ba wanda ya taɓa rubuta kwana nawa suke yi. Ilimi ne."

"Uhm, ilimi," in ji ta. "Sha maganinka."

Ina so a sani dalilin ilimi ne. Na faɗa a lokacin, ina kuma faɗa yanzu.

Saura bututu. In aka kashe yoyon wurin zai bushe cikin sati, in aka zuba siminti ma ba sai an jira satin ba. Mai Famfo ya zauna a kan bokiti, ya sake warware takardarsa, ya karanta da yatsa kamar mai neman kuskuren wani.

"A sauya gwiwa, zan sauya. A fasa ƙasa, a zuba siminti. Ka ga inda aka faɗi faɗin simintin?"

"Ba a faɗa ba."

"To ba a faɗa ba."

Abin da ya yi bai ɗauke shi awa uku ba. Ya kashe ruwa, ya sauya gwiwar, ni ina tsugune na kifa roba a kan bulon kada wani abu ya faɗo masa. Ya kankare ruɓaɓɓen bangon ya shafe shi, ya zuba siminti a ƙasa, amma ya bar wani fili taƙi biyu da katakon da bulon a ciki, ya kewaye shi da ɗan gefe yadda ruwa ba zai sake taɓa bango ba, ya fitar masa da siririyar hanya zuwa magudana. Sannan ya zazzage jakarsa ya tono wani ƙaramin kan famfo da robarsa ta cinye, wanda ya ciro daga wani gida ya manta bai yar ba. Ya ɗaura shi a kan sabon bututun, ya kunna ruwa. Muka tsaya muna kallo. Ɗis. Can kuma, ɗis.

"Shekara talatin ina kashe yoyo," in ji shi, "yau ga shi na haifi ɗaya da hannuna. Mai Zane, in ka gaya wa wani ni na yi aikin nan, ni da kai ne. Ina da suna a garin nan."

Shugaba ta zo sa hannu da hankici a hanci. Ta danna bango, ta taka siminti da gefen takalmi, sannan idonta ya sauka a kan famfon.

"Wannan fa?"

"Na wanke hannu ne, ranki ya daɗe," in ji Mai Famfo.

"A idon sawu?"

"Akwai gajeru."

Ta dube shi, ta dube ni, ta dubi ɗigon har ya sauka sau biyu. Ta karɓi biron da ke bayan kunnensa ta sa hannu.

"Ban ga komai ba. Amma in bangon nan ya sake jiƙewa, ni zan rubuta takarda, kuma tawa ba ta kwana."

Kwana ashirin da uku na yi ina durƙuso safe da yamma, har Asabar da Lahadi. Maigadi ya fara tambayar ko an kore ni daga gida ne. Gwiwoyina da suke magana suka koma zagi. Namijin nan bai bar ƙwan ba ko sau ɗaya da idona ya gani, ban kuma taɓa ganin ya ci wani abu ba, sai ramewa yake yi a cikin sulkensa. Kullum na dawo gida matata sai ta ce, "Ya mutumin kirki?" Ba ni take nufi ba.

Rana ta ashirin da huɗu suka fito, ashirin da takwas, kamar ƙura mai ƙafafu. Bayan kwana biyu suka watse cikin tsagogin ƙasa. Na ce to, alkawari ya cika, gobe sai kwalba.

Da safe na karkato bulon na same shi kwance a gefe, ƙafafu a naɗe, a sandare. Ban taɓa shi ba, ban tsorata shi ba, haka na tarar da shi. Amma ni ba yaro ba ne. Na cire agogo na ajiye a kan siminti. Minti goma. Sha biyar. Na zungure shi da gashin burushi, na hura masa iska, na juya shi rigingine. Ashirin. Ko warin nan babu. Na ce Allah sarki, yunwar gadi ta ƙarasa shi, ya gama aikinsa ya tafi. Har wani sanyi na ji a raina, don ga namiji na samu kuma ba ni na kashe shi ba. Zan iya kallon matata da Mai Famfo ido cikin ido.

Na ɗauke shi a kan farar takarda, na taka takun nan goma sha ɗaya kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali, na ajiye a tebur. Na buɗe kwalba na zuba sifirit.

Tsoho yana da doka ɗaya da ya dasa mini tun satin farko: takarda kafin kwalba. Ba a jefa halitta a sifirit sai an rubuta inda aka same ta da ranar, kuma da fensir, don tawadar biro narkewa take yi. Yakan ce ƙwaron da ba shi da takarda shara ne, ko da daga wata aka kamo shi. Sau ɗaya na saɓa, ya sa na zubar da aikin sati guda a gabansa. Ga shi kuma takardar ƙarya ce ta kai ni daji shekara goma sha huɗu. Wannan karon sai na rubuta gaskiya, da kyau.

Bakin fensirin a karye yake. Na jawo durowa ina neman reza, ba ta nan, tana ta ƙasa. Na feƙe shi a kan kwandon shara, don Tsoho ba ya son ɓawon fensir a tebur. Na yanki takarda daidai. Na rubuta: sito, ƙarƙashin bututu, gindin bulo, namiji, bayan gadin ƙwai. Na sa kwanan wata. Na sa sunana, da ƙananan baƙaƙe. Na ɗaga takardar na duba ta a haske, rabon da rubutuna ya yi kyau haka tun ina makaranta.

Na juyo da hantsaki. Farar takardar tana nan, fara tas.

Ba zan faɗi abin da na ce ba, akwai masu shara a baranda. Na ɗaga madubi, na zazzage littattafai, na kakkaɓe rigata, na cire takalma na duba. Na ja teburin da ba a taɓa ja ba tun zamanin Tsoho, na samu tabaransa na biyu da muka yi wata guda muna nema, da wata tsaga a gindin bango wadda ta nufi sito kai tsaye. Bisa agogo, daga lokacin da na same shi zuwa lokacin da na juya baya, minti talatin da huɗu ya yi a mace. Wannan ma ba wanda ya taɓa rubutawa. Na rubuta.

Tun daga ranar kullum ina ɗaga katakon da bulon. Mata ne kawai, suna tafiyarsu ta ƙasaita. Shi ya shige ƙasa, kuma in da ni ne shi, ni ma ba zan fito ba. 'Ya'yan suna leƙowa jefi-jefi. A cikin ashirin da takwas ba za a rasa maza ba, amma ƙaimin ba ya fitowa sai sun girma, kuma yadda nake ganin tafiyarsu za su kai shekara. Ni saura wata bakwai.

Labari ba ya kwana a cibiyar nan. Kwana uku sai ga Mai Famfo, wai ya zo duba lafiyar famfonsa. Ya durƙusa ya saurari ɗigon, ya ɗan murɗa, ya gyaɗa kai.

"Mai Zane, na ji an ce mutumin namu ya rasu."

"Uhm."

"Kuma ya tashi."

"Uhm."

"Ikon Allah. Ni dai wani babban masani ya taɓa gaya mini sai wane ne ma ake yaudara da wannan? Sabon me?"

Na ce masa siminti bai gama bushewa a kusurwa ba, ya lura da ƙafarsa. Ya fita yana dariya har da riƙe ƙofa.

Matata ba ta yi dariya ba, abin da ya fi muni. Ta ce, "Uban da ya yi kwana ashirin da uku bai ci ba, ai ya cancanci ya fita shan iska." Sannan ta tambaya ko bana zan tafi daji, don tana so ta san yadda za ta tsara hutu. Na ce ba ni da abin yi a daji. Ta ce ta sani, so take ta ji daga bakina.

Na je wa Shugaba da maganar ko za a bar ni in riƙa shigowa sito bayan ritaya, ko da sau biyu a sati, har 'ya'yan su girma. Ta ce ita ba ta da matsala, amma wanda ya bar aiki ba ya riƙe makulli sai da izinin babban ofis.

"Rubuta takarda," in ji ta.

Kwalbar tana kan kanta kusa da ta macen, sifirit cike, takarda a ciki, ba kowa. Ban cire takardar ba, don duk abin da ke jikinta gaskiya ne, mai ita ne dai ya fita. Jiya na zauna rubuta ta goma sha takwas. Na tsallake girmamawa da gaggawa, tun da na san inda suke kai mutum. Na feƙe fensir na zana shi babba a tsakiyar shafi, da sulkensa da ƙaiminsa, ƙafafu takwas cif, sannan a gefe na zana wani mai sanƙo a durƙushe da makulli a hannu.

Na kai wa sakatare ya buga hatimi. Ya ɗaga takardar, ya karkata kai, ya ce, "Kai, Baban Gizo, gizo-gizon nan ya yi kyau."